Madam Hadassah, Wadda Ta Ja Layin Ruwa a Bangon Gidanta

Kafin masu shayi su gama hura wuta, za ka ga Madam Hadassah ta gangara bakin kogin Kaduna, takalmin roba har gwiwa, doguwar sandar awo a kafaɗa, gwangwanin shuɗin fenti a hannu. Ma'aikaciyar safiyo ce a ofishin gwamnati mai zana taswirar wuraren da ambaliya ke iya ci. Tsohuwar taswirar an yi ta tun gari bai cika ba, inda ta nuna fadama yanzu gidaje ne cunkus. Da aka ce a sabunta ta, sai aka tura su Hadassah gida-gida su auna iya inda ruwa ke kaiwa. A wannan watan take yin ritaya, ni kuwa na kasa yin shiru.

A unguwarmu ta gangaren kogi ba a son mai sandar awo. Abin da muka sani shi ne, in ma'aikaci ya shigo da fenti, to katafila na biye da shi. Don haka da aka ji suna tafe, unguwa ta koma kamar jajibirin Salla, kowa ya fito yana shafe tabon da ruwan bara ya bari a bangonsa. Tun da nake ban taɓa ganin tsabta irin ta wannan makon ba!

Madam ba ta yi faɗa da kowa ba. Sai ta yi sallama, ta gaida mutanen gida, ta yaba sabon fenti, sannan ta roƙi a ɗan matsar mata da gado. Ga tabon laka nan a baya, inda buroshi bai kai ba. Ta auna, ta fito waje ta ja shuɗin layi a bango.

Da ta iso ƙofar Malam Zakariyya'u, dattijon kafinta da unguwa ke jin maganarsa, sai ya tare ta a gaban jama'a.

"Madam, mun san ki, mun san gidanki," in ji shi. "Yana can ƙasan coci, ya fi nawa kusa da ruwa. To naki fa? Ko layin zai yi kwana in ya zo ƙofarki?"

Aka fashe da dariya. Ita ba ta yi ba. Ta ce, "Baba, ku biyo ni."

Muka bi ta. Gidan nan ita da mijinta Elisha, malamin firamare, suka gina shi bulo bayan bulo, kuma ba su daɗe da tarewa ba ya rasu. A nan ta yi niyyar hutawa in ta bar aiki. Da ta ɗan karkata alƙalami a kan taswira, da gidan ya tsira daga jerin masu haɗari, kuma ba mai ganewa. A gabanmu ta kafa sanda ta auna, layin ya faɗa saman taga. Ta ja shi daga wannan kusurwa har waccan.

Ta juyo ta ce, "Ga nawa, Baba. Ni zan tashi kafin Agusta. Ban zo rusa gidan kowa ba. Yaran da ke kwana a tabarma a ƙasa, su nake ji wa."

Malam Zakariyya'u ya daɗe yana kallon bangon, sannan ya karɓi gwangwanin daga hannunta, ya ce, "Mu je, 'yata, ki nuna min inda nawa zai tsaya."

Ta kuwa tashi, ta kama hayar ɗaki biyu a unguwar Makera, nesa da ruwa. Sabuwar taswira ta fito da unguwarmu a ciki, har da gidanta. Da aka yi gargaɗin ambaliya a daminar da ta biyo baya, ba wanda ya tsaya gardama. Kowa ya dubi shuɗin layin bangonsa, ya dubi tsawon 'ya'yansa, ya kwashe su zuwa tudu. Ruwa ya zo, ya ci gidaje, ya kayar da na Hadassah har ƙasa. Amma ba mu yi jana'izar kowa ba, a masallaci ko a coci.

Madam, ke ce mai layin da ba ya kwana. Ke ce kika fara auna kanki kafin ki auna mu. Jikokin Malam Zakariyya'u da ke guje-guje a layi yau ba su san sunanki ba, amma mu mun sani.

Da na je yi mata murnar ritaya, ta buɗe jaka za ta ɗauko gilashin ido, sai wani makulli ya faɗo. Na tambaye ta na ina ne.

"Na tsohon gida ne," ta ce. "Ƙofar ta tafi da ruwa. Amma Elisha ne ya sayo shi."

Mun gode, Madam Hadassah. Allah ya saka miki, ya ba ki wani gida a kan tudu. Ku kuma matasan da za ku gaji sandar nan, in layi ya biyo ta ƙofarku, ku tuna akwai wadda ta ja nata a saman tagarta, ba ta kauce ba.