Kofin Shayin Manu Mai Tarakta

Duk wanda ya san Manu ya san kofin nan nasa na silba. Kafin ya ta da tarakta sai ya cika shi da shayi ya ɗora a kan murfin babbar taya, kusa da kujerar da yake zama yana sarrafa bokitin haƙa. Ba sha zai yi ba fa! Agogon injin ya mutu tun shekarar da ya sayi taraktar, sai kofin ya zama agogonsa. Zai riƙa tura totur a hankali yana kallon shayin. Da shayin ya fara rawa sai ya dawo da hannu baya kaɗan, ya ce, "Nan taka so." Ɗan kawuna ne, abokin wasana, kuma babu wanda ya kai ni yi wa kofin nan dariya. Ga shi kuwa ba don shi ba da yau ba ni nake ba ku labari ba.

Akwai ranar da wani Alhaji ya ɗauke shi haƙar harsashin shaguna a Bodinga. Alhaji ya tsaya da lema yana ta duba agogo, ya ce, "Malam Manu, wagga abu ba ta da wuta ne? Ƙara mata mana!"

Manu ya sauko, ya zagaya, ya ciro shebur ya miƙa masa da hannu biyu. "Ranka shi daɗe, in sauri kaka so, ga wanda ba ya shan mai."

Alhaji ya koma inuwa.

A Horo Birni kuma aka haɗa shi aikin lambatu da wani direba da ya zo daga birni da sabuwar tarakta. Mutumin ya tura totur har ƙarshe, hayaƙi ya turnuƙe, bokiti na fizga, mutane na tafi. Kafin azahar tiyon mai ya fashe, ya yi masa wanka. Manu ya gama nasa layin, ya gama na baƙon, sannan ya leƙo ya ce, "Sannu, abokina. Taka ta yi kuka, tau ta yi aiki." Ba wai bai san wuta ba. In ya tarar da laka mai tauri yakan ɗan ƙara, amma yana yi yana ba taraktar haƙuri kamar ya taka ƙafar surukarsa.

To, sai ranar tawa. Ina da ramin ruwa a gonar albasata a fadamar Lambara. Na sauka gyara bakin tiyon famfo, sai gefe ɗaya ya rufto, yashi ya binne ni har ƙirji. Ɗaya gefen kuma ya tsage, yana rataye a kaina. Duk wanda ya matso bakin ramin sai ƙasa ta ƙara zubowa. Aka ruga aka kira Manu, yana aiki a gonar maƙwabcina.

Ina jinsa ya iso, ya kafa ƙafafun tarakta can nesa da bakin rami. Sai na ji ƙarar zuba shayi. Wallahi shayi!

Mutane suka ɗau ihu, "Manu, ba ta wuta! Mutum na mutuwa!"

Ni ma daga ƙasa na buɗe baki, "Manu, Allah shi isam min in kab bar ni nan! Ƙara mata!"

Ya leƙo ya ce, "Isiya, yi min shiru. Kana girgiza min shayi."

Maimakon ya ƙara, sai ya rage, har injin ya koma kamar mai minshari. Ya riƙa yaye ƙasar gefen da ya tsage daga baya, kaɗan kaɗan, bokitin na tafiya kamar hannun mai kwasar tuwo. Ko ƙwayar yashi ba ta sake faɗo mini ba. Da ya buɗe hanya ya kashe inji, ya sauko da kansa ya tone ni da hannu. 

Aka fito da ni, ya miƙo mini kofin. Shayin ya huce, amma cike yake fal. Ya ce, "Sha. Da na ba ta wutar da kac ce, da yanzu ramin ga ne kushewarka."

Bara Manu ya rasu bayan 'yar gajeriyar jinya. Aka sayar da taraktar, ni kuwa na roƙi iyalinsa kofin, yana nan a ɗakina. Ranar da muka kai Manu makwancinsa, da aka miƙo mini shebur, a hankali na riƙa zuba ƙasar, kaɗan kaɗan, har na baya suka fara gajiya da jira. Ban yi sauri ba.

Allah ya jiƙan Manu. Yadda ya ɗage mini ƙasa da tausayi, ya Allah ka sa tasa ta yi masa sauƙi. Amin.