Daftarin da Babu 'Yan Fari

Ni ce 'yar fari a gidanmu, don haka ban taɓa jin sunana a bakin Inna ba. In tana nemana sai ta ce wa ƙanena, "Kira mini waccan." In mu biyu ne, "ke" ta wadatar. Haka kowace uwa take a ƙauyenmu na bakin kogin Nilu, kudu da garin Sinja a ƙasar Sudan. Kunyar ɗan fari ce da kakanninmu suka ɗauko tun daga Sakkwato, duk nisan hanya ba ta zube musu ba. Ban taɓa ƙorafi ba. Sai dai nakan rubuta sunan a bangon kowane littafina, in zauna ina kallonsa, ina tunanin yadda zai fito da muryarta.

Ina aji biyu na sakandare ruwa ya ci wani ƙauye da ke gaba da namu. Aka kwashe mutanen a lori, sai da aka sauke su aka gane an bar yara biyu a baya. Allah ya sa an same su da rai. Daga nan mahaliyya, wato ƙaramar hukumarmu, ta kafa doka: kowane ƙauyen bakin kogi ya yi daftarin yaransa gida gida, duk wanda bai kai sha takwas ba, kuma ranar da ruwa ya taso lori ba zai motsa ba sai kowane suna ya amsa. Aka ɗora aikin a kan lajnar ƙauye, wato kwamitin dattawan da ke zama a gindin darbejiyar masallaci bayan la'asar.

Mahaliyya ta turo mana wata ma'aikaciya, Balarabiya mai farin lulluɓi, muna ce mata Ustaza. Lajna ta haɗa ta da ni saboda rubutuna ba ya karkacewa, kuma a cewar shugaban lajna, yarinyar da ko gaisuwa sai an matso ake jin ta ba za ta kwashi zancen gidajen mutane ta yawata da shi ba.

Kwana uku muna zagayawa. Ustaza ta tambayi uwa da Larabci 'ya'yanta nawa, uwa ta lissafa, ni in rubuta. Da muka shiga gidanmu, Inna ta shimfiɗa mana tabarma, ta kawo shayi, ta faɗi sunaye huɗu. Mu biyar ne. Ina zaune a gabanta da alƙalami a hannu, idonta na kan tabarma. Na rubuta huɗun. Na san dalili sarai.

Sai da na zauna kwafe sunayen a sabon daftari na ga abin ya wuce gidanmu. Akwai 'yar maƙwabtanmu, ita ma 'yar fari, mai shekara bakwai, wadda kullum ke zuwa aron fensir ta dawo da shi a tattaune. Na nemi sunanta ban gani ba. Na koma shafin farko na bi gida gida da yatsa. Ban sami ɗan fari ko ɗaya ba. In ruwa ya zo, za a kira daftarin nan har ƙarshe, kowa ya amsa, lori ya tashi, ba wanda zai san an bar su.

Kwana biyu ina ɗauke da maganar na kasa faɗa. Rana ta uku na rubuta ta a takarda na miƙa wa Ustaza. Ta karanta, ta dube ni, ta tambaya ko iyayen ɓoye yaran suke yi, ko kuwa ba sa son su. Na rasa Larabcin da zan bayyana mata da shi, duk da a makaranta ni ke zuwa ta ɗaya a nahawu. Na ce mata dai son ne ya yi yawa har ake jin nauyin nuna shi.

Ta ja ni gaban lajna. Dattawa suka fara dariya, suka ce baƙuwa ba ta san mutane ba. Can dariyar ta mutu, don kowannensu ya duba shafin gidansa a baya ya ce daidai ne, bai lura babu ɗan fari a ciki ba. Ustaza ta ce a koma a sa iyaye mata su faɗa. Shugaba ya girgiza kai, ya ce ko gwamna ya zo ba zai ciro sunan nan daga bakinsu ba. Sai ya ce a bar uwaye, a tambayi kakanni, su da jikoki ba kunya tsakaninsu sai tsiya.

Haka muka sake zagaye, wannan karon ɗakunan tsofaffi. Kakata ta wajen uba, da muke kira Habboba irin na Larabawa, tana gyaran kuɓewa muka same ta.

"Mi? Wagga kuka manta?" ta ce. "Bar ta, Ustaza, ko ruwa ya zo ba ya ɗaukar ta, nauyin littattafai ya ishe ta."

Sai ta ɗaga murya ta faɗi sunana sau uku, wai don Inna da ke madafa ta ji. Daga madafa ba abin da ya fito sai ƙarar ludayi.

Damina ta gaba ruwan ya zo, da hantsi, jajawur, yana tafe a hankali ta cikin gonakin bakin kogi. Aka tara mu a firamare da ke kan tudu, lori biyu na jira. Hanya ta yanke, Ustaza ba ta iso ba, shugaba ya miƙo mini daftari. Ban taɓa ɗaga murya a gaban mutum goma ba, ranar na ɗaga a gaban gari.

Na kira 'yar maƙwabtanmu, shiru. Na sake kira. Uwarta na tsaye ta dafe baki da gyale. Kakar yarinyar ce ta ce ta gan ta da safe tana bin akuya wajen lambu. Samari suka ruga. Suka dawo da ita a kafaɗa, jiƙe har ƙirji, tana kuka wai an bar akuyar.

Na ƙarasa kira. Da na zo shafinmu na kira ƙannena huɗu na tsallake layin farko, don ban ga yadda mutum zai kira kansa ba. Na rufe daftari, shugaba ya ɗaga wa direba hannu.

"Ba a cika ba," in ji wata murya daga cikin mata. Inna ce, wadda ko a gaban Baba ba ta ɗaga murya. "Da saura guda."

Shugaba ya tambaya wa.

Ta ja gyale ta rufe rabin fuska. "Mai daftarin."

Mata suka kwashe da dariya. Habboba ta ƙwala sunana, na ce na'am, lori ya tashi.

Yanzu ina birnin Madani, ana kiran sunana sau nawa a yini, a ofis da waya. Inna ta rasu ba ta faɗe shi ba. Da muka je kwashe kayanta, ƙanena ya ce a kwanakinta na ƙarshe in an buɗe ƙofa takan tambaya ko waccan ce ta iso. Ranar da na iso, an riga an kai ta.