Turken Ɗanmusa a Bakin Teku

Ɗanmusa mai gardama ne, kuma bai taɓa ɓoyewa ba. Ko ka ce masa rana ta faɗi sai ya leƙa waje ya gani da idonsa. Taubashina ne, ɗan ƙanen mahaifiyata, unguwa ɗaya muka tashi a Gummi, don haka abin da zan faɗa ba ji na yi a bakin wani ba.

Manomin albasa ne a fadamar gulbi. Ruwan da ya sani shi ne wanda duk ɗan fadama ya sani: ya zo da damina, ya cinye gona, wani lokaci har da katanga, sannan ya koma ya bar laka mai kyau. In gulbi ya cika, manoma kan kafa turke daidai bakin ruwan. Ran da aka ga ƙasa ta fito tsakanin turken da ruwa, to ya fara ja, sai kowa ya shirya irinsa.

Da rani shi da ƙanensa Atiku sukan bi motar albasa zuwa Kudu. Sun saba da wani ƙauyen masunta gabas da Ikko, a bakin teku, inda suke sayar da albasa da barkono su sayo bandar kifi. A 1998 zazzaɓi ya kama Atiku a can, bai tashi ba. Aka rufe shi a 'yar maƙabartar Musulmin ƙauyen, bayan wasu itatuwan kwakwa. Da Ɗanmusa ya dawo, mahaifiyarsu Inna Aisatu ba ta yi dogon kuka ba. Tambaya ɗaya ta yi.

"Ka san wurin?"

"Na sani, Inna."

"To kada ka bari shi ɓace."

Da ya koma shekarar da ta biyo, sai ya tarar gidajen da ke gaba-gaba babu su. Wani tsohon masunci mai jin Hausa ya nuna masa can cikin ruwa, inda jiragen kamun kifi ke jefa koma, ya ce a nan gidan ubansa yake da. Ya ce teku na cin ƙasarsu shekara da shekaru, kuma mutane sun fara kwashe mamatansu zuwa tudu, liman ya ce ya halatta tunda ruwa na tafe. Ya ba shi shawara ya ɗauke Atiku tun da wuri.

Ɗanmusa ya yi dariya. Ya saro itace, ya fiƙe, ya kafa a bakin ruwan kamar yadda ake yi a gida. Kafin la'asar ruwa ya ja baya, ga yashi fili tsakaninsa da turken. Ya kira mutane su zo su gani. Suka yi ta dariya, suka ce ai kullum haka teku ke yi, ya zo ya koma, safe da yamma.

"To ai kun faɗa da bakinku," in ji shi. "Yana komawa."

Bai tsaya nan ba. Ya samu wani fili da ruwan ya taɓa kwantawa a kai ya janye, ya yi fangali irin na noman rani ya dasa albasa, yana jiran irin albarkar da laka ke bayarwa. Albasar ta ƙone tun tana ƙarama. Wannan ya dame shi fiye da dariyar masunta. Ya cika kwalba da ruwan teku ya kawo har Gummi, ya shigo gidana ko sallamar kirki babu.

"Zinariya, ke da kika yi boko, ɗanɗana wanga."

Na ɗanɗana na ji gishiri zalla, na tofar. "Wannan ai miyar amaryar da ba ta iya girki ba ce. Daga Ikko ka ɗauko mini shi, don tsabar rowa? Ina kifin?"

"Bar zancen kifi. Ruwan ga daga ina yake ƙaruwa? Na tambayi kowa, ba wanda ya ba ni amsa."

Na gaya masa abin da na ji a rediyo: duniya na ƙara zafi, ƙanƙarar da ke can ƙarshen duniya na narkewa tana zuba a teku, shi ma ruwan in ya ɗumama yana kumbura.

"Ƙanƙara? Irin ta masu sayar da zoɓo?"

"Irin ta, amma gari guda, har ta fi."

"Kin gan ta?"

"Ban gan ta ba."

"To."

Da wannan "to" ɗin ya rufe zancen, amma bai bar shi ba. Kwalbar ta zauna a kan tagarsa, ya ɗaura mata zare daidai inda ruwan ya tsaya, wai yana so ya ga ko zai kumbura da zafin bazara. Duk wanda ya dawo daga aikin Hajji sai ya tsare shi da tambaya ko tekun Jidda ma yana cin gidaje.

Kowace shekara ya koma ba ya samun turkensa, sai ya kafa sabo, kowanne ya fi na baya kusa da maƙabarta. Tsohon masuncin ya sake yi masa magana. Ɗanmusa ya ce a bari ya ga shekara ɗaya tukuna, shi bai taɓa ganin ruwan da ya zo ya zauna ba, kuma ba zai tone ƙanensa a kan abin da zai wuce ba.

A 2004 ya isa ya tarar da itatuwan kwakwar tsaye cikin ruwa, saiwoyinsu a waje. Bayansu babu komai sai kumfa. Waɗanda suka kwashe nasu sun kwashe. Atiku da wasu baƙi 'yan ci-rani da ba su da kowa, teku ya ɗauke su.

Abu ɗaya zan yaba masa: bai yi wa Inna ƙarya ba. Ina wurin ya durƙusa ya faɗa mata.

"Ka ce ka san wurin," in ji ta.

"Na san shi, Inna. Yana cikin ruwa."

Sai ta ce, "Kai da gardamarka." Ta ja carbinta. Ba ta sake ta da maganar ba har ta rasu.

Bayan shekara biyu ciwon gwiwa ya hana shi tafiya. Na taɓa tambayarsa ko yanzu ya yarda da zancen ƙanƙara. Ya ce ya yarda teku ba gulbi ba ne, amma ƙanƙara har yanzu bai gan ta ba.

Lokacin lodin albasa yakan sa a kai shi inda ake ɗora buhuna, ya zauna a kan tabarma yana tare masu tafiya Kudu ɗaya bayan ɗaya.

"In kun kai ƙauyen, ku duba mani kwakwar nan. In akwai ko ɗaya tsaye, ku tsaya daidai ita ku yi ma Atiku addu'a, yana bayanta. In babu, ku nemi masunta su nuna muku inda take da. Sannan ku kafa turke a bakin ruwan. Ban ce zai ja ba. So nake ku zo ku gaya mani inda ya kai."