Tsattsewar Bukkar Kakana

Jiya a Birnin Gwari, inda muke gudun hijira, na ga tsattsewa da laka a baki, sai na tuna kakana. A bukkar lambunsa suke sheƙa. Wata damina jinkar ta ruɓe, ruwa na ɗiga kan irin albasa, na hau zan yaye ta. Ya riƙo ƙafata, hannunsa na warin taki.

"Sauko, abokina. Masu ɗakin ba su yi fiffike ba."

Muka kwashe irin, muka bar musu bukkar.

Bara 'yan bindiga suka ƙone ta. Ba wanda ya jira yaranmu su yi fiffike kafin a tashe mu. Allah ya jiƙanka, Kaka, ya ba ka rumfar da ba mai yayewa.