Abin da Inna Ba Ta Faɗa Ba

Yayyena biyu sojoji ne a Sudan. Ni da Inna muna nan Madina, a unguwar Aƙiƙ, tana yi wa alhazai tuwon sayarwa. Ƙaramin ya rasu a bakin daga. Babban ne ya saɓo gawarsa a kafaɗa, a hanya kuma ya rasa ƙafa ɗaya. Yanzu yana wani sansani a Chadi.

Wani saurayi Balaraben Sudan, mai gyaran waya a unguwar Sultana, ya ce zai yi fim a kansu. Ya zo gida, ni ce tafinta. Inna ta ba shi labarin ƙaramin har da irin miyar da yake so. Da ya ce, "Babban fa, Hajiya?" sai ta kau da kai.

"Wancan? Yana can."

Ya tambayi sunansa, ta tashi ta koma kan tukunyarta. Na ce masa ɗan fari ne, uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yabonsa a gaban mutane, kunya ce. Ya ce "aiwa, aiwa," yana danna waya.

Fim ya fito. Uwar da ke cikin fim ɗin ta tofa wa babban yawu, ta ce shi ya kai mata ɗa aka kashe. A farko kuma an rubuta wai daga bakin mahaifiyarsu aka ji.

Yaya ya gani a sansanin. Ya daina ɗaga waya. Wani maƙwabcinsa ya ce ko abinci sai an yi da gaske.

Na sami Inna tana tuƙa tuwo. "Inna, ki ajiye kunyar nan, mutum zai mutu."

"Ke, rufe mini baki. Ai ya san ni."

"Da ƙafa biyu ya san ki, da ƙanensa a raye."

Ba ta mare ni ba, na yi mamaki. Ta goge hannu a zane, ta karɓi wayata. Na danna mata saƙon murya. Tun da aka haife ni ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba. Ta kira shi, ta ce Allah ya yi masa albarka da ya ɗauko mata ɗan'uwansa bai bar shi a daji ba. Ta miƙo mini wayar ba ta dube ni ba.

Bayan la'asar Yaya ya kira. Muryarsa ta tsufa.

"Ke, gaya mini gaskiya. Likita ya ce mata wani abu ne?"

Na ce lafiyarta ƙalau, wallahi.

Sai ya ce, "To ba ni ita."