Gwaggwaron Maman Nanven da Daren Kyaftin

Ranar da Perpetua ta sha kaye a hannun mijinta ina tsaye a ƙofar gidansu a McLeansville, ina jira su rage mini hanya zuwa coci, don haka ba labari aka ba ni ba. Lahadin godiyar kaka ce. Ta fito da gwaggwaro a kai, ɗankwalin nan mai tauri da ke ƙara kamar takardar siminti in ana naɗa shi. Ta ɗaga shi hawa uku, sai da ta sunkuya kafin ta wuce ƙofa. Desmond ya dube ta, ya dubi 'yar motarsa.

"Maman Nanven, wannan ba zai shiga ba."

"Zai shiga."

"Waɗanda suka ƙera motar nan da kan ɗan Adam suka auna ta, ba da hasumiya ba."

"Kai dai buɗe ƙofa, Baban Nanven. Gyaran na'urar sanyi ka iya, ka bar mini nawa aikin."

Ya buɗe. Ta gwada ta gaba, ta gwada a karkace, ta gwada shiga da baya kamar mai ajiye tirela. Daga ƙarshe Desmond ya kwantar da kujerar har ƙasa, ta miƙe a rigingine hannuwa bisa ƙirji, ni kuma ina baya, saman gwaggwaron yana kan cinyata kamar an ba ni riƙon jariri. A danja ta farko wata Baturiya ta sauke gilashi ta tambaya ko asibiti za mu. Desmond ya ce mata, "Ki dai sa mu a addu'a, 'yar'uwa." Sati guda Perpetua tana zuba masa abinci ba ta ce masa sannu ba.

A Pankshin aka haife ta, amma a Jos ta koyi ɗauri, wurin wata Bayarabiya maƙwabciyarsu da ke buga mata tsinken tsintsiya a yatsa duk lokacin da ninki ya karkace. Ta biyo Desmond Amurka a 1998. Shi karatu ya kawo shi, gyaran na'urar sanyi ya riƙe shi. Ita kuma ta samu aiki a kicin ɗin wata makarantar firamare, shekara ashirin da biyu tana zuba wa 'ya'yan mutane taliya da 'yar ragar nan ta rufe gashi a kanta. Ta ce duk wulaƙancin da ta gani a ƙasar nan, babu kamar wannan raga. Shi ya sa ranar Asabar da Lahadi take ramawa a kan kawunanmu da ɗaurin gwaggwaro.

Ga yadda take aiki. Za ta zaunar da ke a kujera marar baya, ta juya madubi ya fuskanci bango. Ta ce ki danne bakin ƙyallen a goshi da yatsu biyu. Sai ta kafa gwiwa a bayanki ta ja. In ta ja sau uku, ta sunkuyo kusa da kunnenki ta ce a hankali, "Kina ji na?" In kika amsa, kin jawo wa kanki, za ta kwance ta sake, don a wurinta wadda take jin magana ba a ɗaure ta ba. Mun daɗe da gano dabarar yin shiru, amma tana gane mai ƙarya ta gira. In ɗauri ya kama, girar mutum tana hawa sama, sai ki wuni kamar wadda aka ba labarin mamaki.

A 2008 ne Zumuntar Mata ta cocinmu da ke East Greensboro ta fara fita yawon jirgin ruwa. Mu sha biyu, da mazan da suka yarda su biyo mu, a motar coci har Fulorida, daga nan kwana bakwai a kan teku. Yawancinmu ba mu taɓa ganin ruwan da ya fi madatsar Lamingo ba. A wancan zamanin jirgi yana da doka. Sau biyu a tafiyar akan turo takarda ta ƙarƙashin ƙofa cewa yau abincin yamma na ado ne, mu muka raɗa masa suna daren kyaftin, don shi kansa yana fitowa cikin fararen kaya a gaisa a ɗauki hoto. Namiji ba kwat ba shiga. Da idona na ga an mayar da wani ƙaton mutum daga bakin ƙofa saboda wuyansa ba taye, matarsa na biye tana yi masa faɗa.

Tun ƙarfe biyu Perpetua take fara aiki a ɗan ɗakinta, muna layi a lungu kamar masu jiran allura. Ƙarfe shida mu sauko ta babbar matakala, anko ɗaya, gwaggwaro sha biyu. Wallahi har mai kaɗa fiyano sai da ya ɓata waƙa. Turawa suka bar kyaftin tsaye shi kaɗai suka zo ɗaukar hoto da mu. Ni da nake gaya muku, na yi ta ɗaga hannu ina murmushi kamar matar gwamna, alhali ko sunana ba na ji in an kira. Da aka kawo naman sa, na gane ba zan iya tauna ba, muƙamuƙina ya kulle. Miya na sha. Perpetua ta zauna a ƙarshen tebur tana ƙirga kawunanmu da ido, ba ta ci komai ba, ta ce ta ƙoshi.

Duk shekara biyu ko uku mukan koma, kuma kowace komawa sai mu tarar dokar ta ƙara sakwarkwacewa. Daren ado biyu ya koma ɗaya. Taye ya zama ganin dama. Sannan aka ce wandon jins ma ya halatta muddin bai yage ba, sai ga masu yagaggen sun shigo, ba wanda ya ce musu uffan. Takardar ƙarƙashin ƙofa ta ɓace, aka ce a duba waya. Mu dai muna nan da ankonmu.

A tsakanin nan Desmond ya rasu, a 2021. Yatsun Perpetua kuma suka fara karkacewa da ciwon gaɓɓai. Ɗaurin da take yi cikin minti goma ya koma rabin awa, tana yi tana hutawa, tana cewa ƙyallen zamani ne ba shi da kyau.

Tafiyar 2023 ce ta karya mini gwiwa. Mun sauko matakala kamar kullum, ba wanda ya tashi. A teburin da ke kusa da namu wani dattijo ne da gajeren wando da silifas, rigarsa duk hoton abarba. Ya share baki, ya matso wurina da fara'arsa, ya ce, "Ƙarfe nawa za ku fara rawar?" Ya ɗauka masu wasan jirgi ne mu. Ni Serah, da shekara arba'in a ƙasar nan ban bar wa kowa bashin magana ba, daga mai gidan haya har fasto, na yunƙura in wanke shi, bakin ya ƙi buɗuwa. Gwaggwaro ya riƙe. Abin da ya fito kawai murmushi ne, ga gira a sama. Mutumin ya tafa mini ya koma kan abincinsa.

A farkon bana, bayan sujada, Perpetua ta ja ni gefe wurin ajiye motoci. Ta miƙo mini hannayenta biyu ta ce, "Maman Yemima, dubi. Likita ya ce in sun gama lanƙwashewa ko maɓalli ba zan iya sa wa ba. Tafiyar bana ce ta ƙarshe da zan ɗaura muku. Ina so in yi wanda ba za a manta ba." Ta ce kada in gaya wa kowa. Ban gaya wa kowa ba. Wannan kaɗai ne abin kirkin da na yi a labarin nan.

Sati uku kafin tafiya muka yi taro a ɗakin ƙasa na coci. Perpetua ba ta zo ba, tana wurin likita. Prisca, nas ce, ita ce mafi ƙuruciya a cikinmu kuma ita ke saya mana tikiti, ta ɗaga waya ta ce, "Iyayena, na duba fa. Jirgin bana ba shi da daren kyaftin sam. Cewa suka yi kowa ya sa abin da ya ga ya dace da shi."

Kowa na kallon silin. Wa ya fara magana? Ni. Na miƙe na yi jawabi kan zamani, na ce na ga duniya, na je Landan sau biyu, na san inda iska ta dosa. Na ce masu dokar da kansu sun ajiye ta, mu me ya yi mana zafi. Ban ambaci mai rigar abarba ba, ban ambaci naman sa ba, ban kuma ambaci abin da aka gaya mini a wurin ajiye motoci ba. Da aka ce a ɗaga hannu, hannu sha ɗaya suka tashi. Ashe kowa na da nata ciwon kan da take ɓoyewa tun 2008.

"To wa zai gaya wa Anti Perpetua?" in ji Prisca.

Nan ma aka koma kallon silin. Sai Ƙauna, ma'ajiyarmu, ta ce, "Ai Mama Serah ce mai baki." Na ji daɗin yabon, kun ji irin wautata. Sai da na shiga mota na gane an aike ni yanka ne.

Ranar Asabar da rana na tuƙa zuwa McLeansville. Gidan na nan tsakanin filaye, ga yakuwa da gauta da take shukawa a baya sun yi kore shar. Na tarar da ƙofa a buɗe. A falo, kan dogayen kujeru da tebur har da saman talabijin, gwaggwaro sha biyu ne a shimfiɗe, sababbi, shuɗi mai ruwan azurfa, ta sa an aiko mata daga Legas. A tsakiyar ɗaki ta kifa tukunya a kan kujera ta ɗaura mata wani sabon salo mai kama da buɗaɗɗen mafici. Ita kuma tana zaune, hannayenta cikin roba da ruwan ɗumi.

"Maman Yemima! Kin zo a daidai. Tukunyar nan ba ta da kunne, ban san ko ya kama ba. Akwai gwate a kicin, zuba ki ci."

Na zuba na ci. Na ƙara. Na yaba yakuwa, na tambayi Nanven da yaranta, na yi maganar tsadar mai. Wayata na ta kuka a jaka, matan Zumunta ne ke son jin ko na isar da saƙo. Da kwano ya ƙare ban da sauran mafaka, na gyara murya.

"Maman Nanven, an yi taro."

"Na ji an yi."

"Jirgin bana ba daren kyaftin."

"To?"

"To, mata sun ga cewa... tunda ba dole... a sa kaya marasa nauyi. A huta. Ke ma ki huta da hannun nan."

Ta ciro hannayenta daga ruwa, ta goge su ɗaya bayan ɗaya da tawul. "Mata sun gani. Ke fa?"

"Ni saƙo aka ba ni."

"Prisca ta ce kin yi jawabi har da Landan."

Na tsine wa Prisca a zuci. Tunda asiri ya tonu, sai na saki baki. Na ce duniya ta canza. Na ce wancan karon an ɗauke mu 'yan rawa. Na ce shekara sha bakwai ina biyan kuɗin naman sa ina shan miya. Na ce, "Ki duba fa, 'yar'uwa, dā doka ce. Kyaftin ne ya ce a yi ado, muka yi. Yanzu shi da kansa ya ce ba ruwansa. Wa zai tsaya a ƙofa ya mayar da mu? Ba kowa!"

Ta bar ni na gama har numfashina ya dawo. Sannan ta miƙe a hankali, ta sauke tukunyar daga kan kujera, ta juya madubi ya fuskanci bango, ta ɗauko gwaggwaro ɗaya ta kaɗa shi ya yi ƙara.

"Serah, duk shekarun nan ina ɗaure miki kai, na ɗauka don ki yi kyau ne. Ashe tsoron kyaftin ne. To zauna, yau ni ce kyaftin. In na gama da ke, ki kira mini sauran goman."