Abin da Na Tarar a Kwamfutar Hamidu

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka kai Hamidu makwancinsa a Bagudo. A goman farko, duk lokacin da watan rasuwarsa ya zagayo nakan zauna in tuna shi cikin sauƙi, in yi masa addu'a, in tashi. Bana abin ya yi mini wuya. Sau uku ina ajiye alƙalami kafin na iya ci gaba da wannan rubutu.

Ga wanda bai san shi ba, Hamidu ne ya fara kawo kwamfuta unguwarmu. Kafin nan tafireta gare shi a wani ɗan shago kusa da tasha, shi ya sa har ya mutu Hamidu Tafireta ake ce masa. Mai neman aiki, mai katin biki, mai sayen gona, ɗan kasuwar da ya zo da takardar Faransanci daga Benin yana son a fassara masa, duk wurinsa suke zuwa. Ni kuwa, Ummaru, abokinsa ne tun muna aji ɗaya. Na yi aikin koyarwa har na zama hedimasta a wata firamare da ke dab da iyaka. Idan matata ta neme ni ta rasa, shagon Hamidu take aikawa.

Shekara tara kafin rasuwarsa aka kai ƙarata ofishin ilimi da takarda marar suna. Takardar ta ce ni ba ɗan ƙasa ba ne, a Benin aka haife ni, kuma takardar haihuwata ƙarya ce. Akwai ƙanshin gaskiya a ciki. Mahaifina ɗan Bagudo ne kaka da kakanni, amma mahaifiyata 'yar tsallake ce, kuma da cikina ya tsufa gidan iyayenta ta koma ta haihu, kamar yadda ake yi a haihuwar fari. Da aka zo sa ni makaranta, mahaifina ya ce a rubuta Bagudo. A nan wajen, inda gonar mutum ke wannan ƙasa kabarin kakarsa na waccan, wa ya taɓa ɗaukar wannan laifi? Amma da ya shiga takarda sai ya zama laifi. Aka dakatar da ni, aka yi kusan shekara biyu ana bincike. Daga ƙarshe aka yarda ni ɗan ƙasa ne, aka dai ce takardata ba daidai take ba, aka mayar da ni aji. Ban ƙara riƙe makaranta ba har na yi ritaya. Kujerata kuwa Lawali aka ba, ƙanin Hamidu, ban kuma kawo komai a raina ba, don shi ne na biye da ni a aiki.

A shekara biyun nan, da mutane suka fara sauya hanya idan sun hango ni, Hamidu ne ya tsaya mini. Shi ya buga mini takardar kare kai. Shi ya raka ni Birnin Kebbi sau huɗu, ya zauna a benci yana jirana har in fito daga gaban kwamiti. Saboda haka da ya rasu, aka ce ya bar wasiyya ni zan yi masa wanka, ban yi mamaki ba.

Kwamfutarsa ta riga shi mutuwa da kwana goma sha ɗaya. Ta tsufa, ta fara jan ƙafa, shi kuma ya ƙi rabuwa da ita. Wani mai kawo gwanjo daga Kwatano ya zo masa da furosesa, wato ɗan abin nan mai faɗin kwalin ashana da ke zama ƙwaƙwalwar na'ura, ya ce ta fi tasa sauri. Hamidu ya ba shi tsohuwar, ya karɓi sabuwar, ya sa da hannunsa. Ya kunna, shiru. Kwana uku yana fama da ita, sai zazzaɓi ya kwantar da shi, bai kuma tashi ba. Matarsa Hajiya Kulu ta lulluɓe kwamfutar da zane ta ɗora a kan kabad.

Bayan ƙaramar salla ta bana, 'yarsa Nafisa, wadda ke aikin jinya a birni, ta buga mini waya. Ta ce yaranta sun fara tambayar kamannin kakansu, hotunansa kuwa duk suna cikin waccan kwamfuta. “Baffa, kai ka fi kowa zama kusa da shi yana aiki,” in ji ta. “Ko za ka gwada?” Na ce ko ba ta roƙa ba.

Na kawo ta gida na kwance murfin. Zanzaro ya yi gida har biyu a ciki. Na kakkaɓe, na hure ƙura, na jona wuta. Fanka ta juya, fitila ta kama, amma allo baƙi ƙirin, ko ɗan kukan da takan yi idan za ta tashi babu. Na tuna abubuwan da na sha ganin Hamidu yana yi. Na cire ɗan batir mai kama da kwabo, na sayo sabo wurin mai agogo. Na zare ram, 'yan falankan nan biyu sirara, na goge bakinsu da magogin fensir, na mayar ɗaya bayan ɗaya. Mako biyu ina wannan, ban ga ko harafi ɗaya ba. Masu gyaran waya na kasuwa da na kai wa, dariya suka yi, ɗaya ya ce wannan ai ta girme shi.

Wani direba ne ya ba ni labarin Bawa a Dole Kaina, dattijo mai gyaran rediyo da ya taɓa aikin kwamfuta a tsallake. Ranar kasuwa na naɗe ta da bargo na yi sammako. Bawa ya sa tabarau ya daɗe yana leƙe. Ya ce hanya mafi sauƙi ita ce a cire rumbun ajiyar da hotunan ke ciki a jona da wata kwamfuta, sai dai bakinsa irin na da ne, mai faffaɗar igiya, kuma ya daɗe bai ga mahaɗinsa ba. Don haka dole ita kanta ta tashi. Ya nuna mini wasu 'yan gwangwanaye huɗu masu riƙe wuta da suka kumbura, kwandensa ake ce musu, ya ce in dawo wata kasuwar. Na dawo, ya sauya su, muka kunna. Shiru.

A zuwa na uku ne ya ɗauko gilashin ƙara girma ya bi wasu ƙananan lambobi da aka buga a jikin allon ciki. Can ya yi dariya. “Malam, mutuminka ya yi baƙuwa bai gaya ma mai gida ba,” ya ce. “Wanga allo har yanzu tsohuwar ƙwaƙwalwa shika jira.” Ya nuna mini wasu 'yan robobi baƙaƙe, kowace ba ta kai ƙwayar masara ba, da ake sokawa a kan tsinkaye don a shaida wa allo ƙarfin wuta da saurin da furosesa ke bukata. Jamfa suke ce musu. Hamidu ya bar su yadda suke. Bawa ya matsar da uku da ɗan hantsaki, ya danna. Ta yi kuka sau ɗaya, fararen haruffa suka bayyana. Kafin mu gama murna ta sandare. Bawa ya taɓa ƙarfen da ke kan furosesar ya janye yatsa da sauri: an ɗora shi a karkace, zafi na cin ta. Ya gyara masa zama, ya shafa farin man da ke janye zafi, ya ƙara matsar da jamfa ɗaya don ya rage mata gudu. Wannan karon ta wuce har ciki. Na ga hoton shagon Hamidu a allo, da bencin da nake zama. Na juya baya kada Bawa ya ga idona.

Washegari bayan azahar na zauna na kwashe hotunan. Da na gama, maimakon in kashe, sai na shiga duba takardunsa, don kawai in ƙara jin ɗuminsa. Hamidu mutum ne mai tsari: kowane mai kawo aiki da jakarsa da sunansa. Akwai kuma wata jaka guda da ya sa wa suna “Nawa”. A ciki na ga takardu biyu da sunana. Na buɗe ta biyu, na ga takardar kare kaina, na yi murmushi. Sannan na buɗe ta farko.

Ƙarar ce. Na san ta, don an karanta mini ita a gaban kwamiti har na kusa haddace ta. Zuciyata ta yi ta nema masa mafita. Ai mai buga takardu ne, wataƙila wani ya kawo. Amma a ƙasa akwai gwaji biyu da ya fara ya bari, yana sauya kalma yana neman wadda ta fi kaifi. A gwajin farko har da sunan ƙauyen mahaifiyata da sunan ungozomar da ta yanke mini cibi. Mutum ɗaya tak na taɓa gaya wa sunan matar nan, wata rana muna cikin kwalekwale za mu ta'aziyya, muna hira muna dariya.

Kwana biyu ban fita ba. A na uku na tafi wurin Hajiya Kulu. Ban kai ga bayani ba ta sunkuyar da kai.

“Ka gani ke nan, Malam.”

“Kin sani?”

“Na sani. Tsohuwarsu ce ta matsa mai, Allah shi jiƙanta, kullum zancen Lawali. Shi kuma cewa ya yi canza maka makaranta kawai za a yi. Bai zaci abin zai kai can ba.”

“Hajiya, kina gani na yi masa wanka. Da hannuna na sa shi a kabari.”

Ta gyara mayafinta. Sannan ta ce, “Ya sha sa hula ya ce yau zai faɗa maka, ya dawo bai faɗa ba. Da Nafisa ta ce kai za a kai ma kwamfutar, ina iya hanawa. Ban hana ba.”

Ba kujerar ce ta fi ci mini rai ba, ta riga ta wuce. Benci nake tunawa. Nakan fito daga gaban kwamiti, ya miƙo mini ruwa, ya ce, “Allah zai tona asirin wanda ya yi maka wannan.” Ni kuma in ce amin. Shekara ashirin ina zargin mutanen da ba su ji ba su gani ba. Akwai wani malami daga Matsinkai da na daina amsa wa sallama yadda ya kamata, har ya bar duniya bai san laifinsa ba. Wannan nauyin ma Hamidu ne ya ɗora mini, kuma babu wanda zan je in roƙa gafara.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Shagonsa ya zama wurin cajin waya. Babu mai bukatar a buga masa takarda. Wanda ke son ɓata wani, da babban yatsa yake yi a wayarsa, kafin la'asar labari ya kai Segbana a tsallake. Na san zai girgiza kai ya ce mutane sun lalace, kuma da a bara ne da na taya shi. Nakan kuma tambaya me ya hana shi goge takardar, shekara tara tana gabansa. Wani lokaci in ce nadama ce, yana so wata rana a gani. Wani lokaci in tuna cewa Hamidu ko katin sunan da aka fasa bai taɓa gogewa ba.

Ana cewa a riƙa faɗin alherin mamaci, kuma na yarda. Ina yi masa addu'a har gobe, don ba na so a tsare shi a kaina. Amma ba zan yi wa masu karatu ƙarya in ce zuciyata ta huce ba. Bakina ya yafe, ita ba ta biyo ba tukuna.

Kafin in rubuta wannan sai da na kai wa Nafisa hotunan da kaina, na gaya mata komai, na ce idan ba ta so ba zan rubuta ba. Ta yi kuka mai yawa. Da ta share ido ta ce, “Rubuta, Baffa. Amma ka sa har da ranar maciji.”

To, ga ta. Wata damina ina gyaran gonar gero a wajen Sharabi kububuwa ta sare ni a dunduniya. Hamidu ya zo kawo mini saƙo ya tarar da ni kwance a tsakanin kunyoyi. Babur ba ya shiga saboda laka. Ya goye ni, mutumin da na fi shi nauyi, ya yi ta faɗuwa yana tashi har bakin hanya inda ya bar babur, ya ɗaure ni a bayansa da rawani, ya tuƙa zuwa asibiti ba takalmi a ƙafarsa. Likita ya ce da an ƙara jinkiri da sai dai wani labarin. Duk hanya ina jinsa yana kiran sunana yana cewa kada in kuskura in yi barci.

Jiya na zauna na tuna lokacin sosai. Wata huɗu ne bayan ya aika da takardar.

Allah ya jiƙan Hamidu. Ni kuma Allah ya ba ni ikon faɗin haka wata rana ba tare da na cije haƙori ba.